Harsashi ya ƙi zama a Winchester 94: laifin bindigar ne ko na harsashin?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a jihar Texas ta Amurka, na sayi tsohuwar Winchester 94 mai cin harsashin .30-30 a hannun wani dattijo maƙwabcina domin farautar barewa. Ya haɗa mini da jakar harsasan da ya ɗura da kansa. Wasu suna shiga lafiya, wasu kuwa liba, wato hannun ƙasan bindiga da ake buɗewa a rufe don saka harsashi, ba ta rufuwa sai na matse ta da ƙarfi. Bayan harbi kuma ina ganin firaima, ɗan maɓallin da ke kunna albarushi, ta ɗan leƙo daga gindin kwanson harsashi. Wani a filin gwajin harbi ya ce mini ratar gindi ce ta yi yawa, wai bindigar ta gama aiki. Gaskiya ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kafin a shiga bayani, ka ajiye jakar nan ta dattijo gefe, kada ka ƙara harba ko guda daga cikinta, kuma ka daina matse liba a kan harsashin da ya ƙi shiga. Harsashin da sai an danna shi da ƙarfi yake zama, akwai abin da ya tokare shi, kuma wasu daga cikin abubuwan da ke tokarewar suna ɗaga ƙarfin fashewar albarushi fiye da yadda aka tsara wa bindigar.

Mutumin filin harbin ya haɗa abubuwa biyu da ba su haɗu ba. Ratar gindi, wadda masu gyaran bindiga a can suke kira hedsifes, ita ce tazarar da ke tsakanin fuskar sakata (ƙarfen da ke rufe bayan harsashi) idan ta kulle da wurin da ke tsayar da kwanso kada ya ƙara gaba. Idan ta yi yawa, wuri ya ƙaru ke nan, harsashi zai shiga cikin sauƙi har ya riƙa ɗan motsi. To ta yaya ƙarin wuri zai hana liba rufuwa? Ba zai hana ba. Ƙin shiga alamar matsi ce, leƙowar firaima kuma alamar sako-sako. Saboda haka matsaloli biyu gare ka, kuma mai yiwuwa ɗayar ma ba matsala ba ce.

Bari mu fara da firaimar, tunda ita ta tsorata ka. Kwanson .30-30 yana da leɓe a gindinsa wanda ya fi jikinsa faɗi, kuma wannan leɓen ne yake zama a bakin ɗakin harsashi, wato ramin gindin bututu inda harsashi ke zama, ya tsayar da shi. Don haka a wannan bindiga ratar gindi ba komai ba ce illa wurin da aka bar wa kaurin leɓen. Ƙungiyar SAAMI, wadda ke tsara ma'aunin bindigogi da harsasai a Amurka tun 1926, ta sa wannan wuri ya kasance tsakanin inci 0.063 da inci 0.070, wato daga milimita 1.60 zuwa 1.78. Bambancin bai kai kaurin fallen takarda biyu ba. Shi kuma leɓen kwanso an yarda ya kasance daga inci 0.053 zuwa 0.063. Ka yi lissafi da kanka: bindigar da ke kan 0.068, lafiyarta lau, idan ta haɗu da kwanso mai leɓen 0.058, akwai sarari na 0.010 a bayansa, alhali babu wanda ya saɓa ƙa'ida a cikinsu.

Ga abin da ke faruwa idan ka ja kunama. Allurar da ke cikin sakata ta bugi firaima, bugun ya tura kwanson gaba har leɓensa ya tokare. Albarushi ya kama, jikin kwanson ya kumbura ya manne da bangon ɗakin. Firaima kuwa ba ta manne da komai ba, sai iskar fashewar ta turo ta baya daga raminta har ta taɓa fuskar sakata. A harsashi mai tsananin ƙarfi, gindin kwanson shi ma yakan miƙe ya biyo baya, ya sake haɗiye firaimar, sai ka gan ta a shafe. Amma .30-30 harsashi ne na shekarar 1895, iyakar matsinsa fam 42,000 a kan kowane murabba'in inci, kuma sau da yawa wannan bai isa ya ja gindin baya ba. Sai kwanson ya tsaya a gaba, firaima ta tsaya a waje. Idan dattijon naka yana ɗura albarushi kaɗan, kamar yadda masu harbin nishaɗi da yawa suke yi, leƙowar za ta fi fitowa fili. Firaimar da ta leƙo da kashi huɗu ko biyar cikin dubu na inci abu ne da aka saba gani a tsofaffin Winchester 94, kuma ita kaɗai ba ta isa a yanke wa bindiga hukunci ba.

Abin da zai sa in damu daban ne. Ka ɗebo kwansunan da ka harba ka duba jikinsu sama kaɗan da gindi. Idan ka ga wani siririn zobe mai haske ya kewaye kwanson, ka miƙar da wayar maƙala takardu, ka lanƙwasa bakinta, ka zura ta ciki ka karce bangon daga ƙasa zuwa sama. In ka ji ta faɗa cikin wani kwari daidai wurin zoben, tagullar ta miƙe ta yi siriri a nan, kuma gaba kaɗan za ta tsinke. Ƙirar John Browning ta 1894 tana kulle sakata ne daga baya, da wani ƙarfe guda da ke tasowa ya tsaya a bayanta, shi ya sa a kowane harbi akwai 'yar bayarwa tsakanin fuskar sakatar da makullin. Kwanson da aka sake ɗurawa sau da yawa a irin wannan bindiga yana saurin gajiya. Idan sabon harsashin kamfani ne ya nuna wannan zobe a harbin farko, to a nan ne za a ce rata ta wuce gona da iri, a jingine bindigar sai an auna.

Nan ne kuma kaɗai inda matsalolinka biyu za su iya haɗuwa. Idan kwanso ya tsinke, ƙugiyar da ke zaro kwanso bayan harbi takan zaro gindin kawai ta bar sauran a ciki, wani lokaci ɗan guntun wuya ne ma wanda ido ba ya saurin gani. Harsashi na gaba sai ya shiga rabi ya tsaya. Don haka abu na farko shi ne ka tabbatar babu harsashi a ɗaki ko a bututun ajiya, wato na ƙasa inda harsasai ke jere, ka buɗe liba, ka haska tocila cikin ɗakin. Tunda ka ce wasu suna shiga lafiya, ba na tsammanin wannan ne, amma dubawar ba ta cin kuɗi.

Sai ka karanta abin da aka buga a jikin bututun bindigar. Tsofaffi an rubuta musu 30 W.C.F., shi ne .30-30 ɗin da sunansa na asali. Winchester ta kuma ƙera wannan bindiga da .32 Winchester Special, wanda kwansonsa na .30-30 ne aka faɗaɗa wa wuya, kaurin dalmarsa, wato kan harsashin da ke tashi, inci 0.321 a maimakon 0.308. A ido kusan ba ka bambance su. Mutumin da ya shekara yana ɗura harsashi da kansa zai iya mallakar duka biyun, kuma zai iya faɗaɗa kwanson da aka buga wa 30-30 a gindi ya mayar da shi .32. Ke nan rubutun gindi ba hujja ba ne a jakar da ba kai ka ɗura ba. Ka auna kaurin dalmar da ma'auni.

Daga nan ka sayi kwali ɗaya na harsashin kamfani, mai dalmar giren 150 ko 170 (giren ma'aunin nauyin dalma ne), da kuma harsasan gwaji, waɗanda babu albarushi ko firaima a cikinsu. Duk wani gwajin liba a cikin gida da na gwajin ake yi. Na kamfanin kuwa sai a filin harbi, bakin bindiga yana kallon inda ba kowa. Idan na kamfani suna shiga liba ta rufe ba gardama, to bindigar ta wanke kanta, laifin yana cikin jaka. A irin labarin da ka bayar, nan na fi zargi.

Dalilin shi ne liba ba ta da ƙarfin dannawa irin na bindiga mai sakatar murɗawa. Waccan tana da karkataccen haƙori da ke tura kwanso ciki da ƙarfi yayin da ake sauke hannunta, har ta haɗiye kwanson da ya ɗan yi ƙiba. Winchester 94 ba ta da wannan, sai kwanson ya zo daidai. In kana son sanin inda kowane harsashin dattijo ya kama, akwai dabara mai sauƙi, amma ka bar wa wanda ya iya cire dalma da albarushi da firaima ya mayar maka da biyu ko uku daga cikinsu na gwaji tukuna. Ka shafe harsashin da baƙar maka tun daga dalma har gindi, ka saka shi a ɗaki da yatsa, ka rufe liba a hankali har inda ta tsaya, ka zaro. Inda tawadar ta goge, nan ne ya tokare.

Idan gogewar a kafaɗa take, ko a ɗan ƙasa da ita, galibi wurin matse bakin kwanso ne aka yi ɓarna. Harsasan bututun ajiya dole a matse bakinsu a kan dalma, don kada sifirin da girgizar harbi su tura ta ciki. Mai ɗuri idan ya zurfafa matsewar, ko ya haɗa kwansuna masu tsawo daban-daban bai daidaita su ba, sai dogayen su ɗan durƙushe, kafaɗarsu ta kumbura. Kumburin ba ya ganuwa sosai, da yatsa ake jin sa. Wannan ya yi daidai da abin da ka faɗa, cewa wasu suna shiga wasu ba sa shiga. Idan kuma gogewar a jikin kwanson take kusa da gindi, an harba shi ne a wata bindigar mai faffaɗan ɗaki, kuma ba a matse shi ya koma girmansa gaba ɗaya ba.

Wanda ya fi haɗari shi ne idan alamar ta fito a ƙarshen bakin kwanso. Tsawon kwanson .30-30 bai kamata ya wuce inci 2.039 ba, kuma tagulla tana ƙara tsawo duk lokacin da aka harba aka sake matsewa. In ya wuce, bakin zai kutsa cikin ƙuncin da ke gaban ɗakin ya shaƙe dalmar, ya hana ta saurin fita, ƙarfin fashewa ya yi sama. Wannan ne ya sa na ce ka daina matse liba. Haka nan ka shafa gindin kowane harsashi da yatsa: firaimar da ba a zaunar da ita sosai ba tana hana sakata rufuwa, kuma danna ta da ƙarfi wasa da wuta ne, balle a bututun ajiya inda hancin wani harsashi yake jingine a kanta.

Alama a jikin dalmar kanta ma tana faruwa, musamman idan dattijon yana zuba dalmarsa da kansa. Masu yin haka sukan bar ta da kaurin 0.309 zuwa 0.311, ɗakin .30-30 kuma ba shi da dogon maƙogwaro, wato tsagar cikin bututu da ke murɗa dalma tana farawa ne nan kusa. Sai hancin dalmar ya ciji tsagar kafin leɓe ya zauna. Za ka ga sawun tsagar a kanta a fili. Tsawon harsashi gaba ɗaya kuma iyakarsa inci 2.550.

To idan har na kamfanin ma suna ƙi fa? Sai a koma kan bindigar, a fara da datti. Cire sakatar Winchester 94 aiki ne, shi ya sa yawancin masu ita ta baki suke wanke bututun, ɗakin harsashi kuwa ya shekara ba a taɓa shi ba. Busasshen mai da tsatsa sukan taru a ciki, da kuma cikin 'yar tsagar da ke saman gindin bututu inda ƙugiya ke shiga idan sakata ta rufe. Ƙwayar albarushi da ba ta ƙone ba ko ɓarɓashin tagulla a wannan tsaga ya isa ya hana rufuwa. Buroshin ɗaki mai lanƙwasasshen hannu da ruwan wanke bindiga da tsinken sakace sun isa aikin. Ka bar ɗakin a bushe bayan ka gama, domin mai yana hana kwanso kama bango, sai duk ƙarfin ya koma kan sakata. Kada kuma ka yarda da shawarar ɗaura sanfefa a injin huda ka goge ciki. Abin da ka cinye na ƙarfe ba ya dawowa, kuma faffaɗan ɗaki ya fi mai datti wuyar magani.

Akwai kuma wata matsalar da mutane ke kira ƙin shiga alhali harsashin bai ma kai ƙofar ɗaki ba. A Winchester 94 harsashi yana fitowa daga bututun ajiya ya hau wani ƙarfe mai kama da cokali, cokalin ya ɗaga shi tsakanin ƙarafa biyu masu yi masa jagora a gefen dama da hagu, sannan sakata ta tura shi. Kowanne daga cikin ƙarafan nan sukuru ɗaya ke riƙe da shi, in ya kwance sai harsashi ya karkace ya daki gefen ɗaki. Sukurun ƙofar loda harsashi shi ma yakan kwance. Kuma a saman mahaɗin da ke saukowa ƙasa idan ka buɗe liba akwai ɗan tudun da ke tare harsashi na gaba. Idan ya cinye, harsashi yakan sulale ƙarƙashin cokali ya kulle komai. Waɗanda aka ƙera daga 1964 zuwa 'yan shekarun da suka biyo baya, lokacin da kamfanin ya rage tsadar ƙira, cokalinsu na fallen ƙarfe ne da aka buga, ya fi saurin lanƙwashewa. Sannan ita wannan bindiga ba ta son lallaɓawa. Ka kai liba ƙarshe ka dawo da ita da kuzari a tafiya ɗaya, rabin buɗewa yana jawo cushewa ko da komai lafiya. (Masu wata bindigar liba, Marlin 336, su ma suna da irin tasu cushewar, inda kaifin liba ke cin ƙasan cokali har harsashi na biyu ya leƙo, sai dai su sukuru ɗaya suke kwancewa sakata ta fito, abin da mai Winchester zai yi musu hassada a kai.)

Yanzu awon ratar kanta, domin hankalinka ya kwanta. Ana yin sa da gejoji uku, wato ƙarafan awo da ake sakawa a ɗakin harsashi. Mai rubutun GO kaurin leɓensa 0.063 ne, dole bindiga ta rufu a kansa. NO-GO 0.067 ne, shi ne iyakar da ake bi idan ana ɗaura sabon bututu. FIELD 0.070 ne, shi ne iyakar ƙarshe. Tsohuwar bindiga da ta rufu a kan NO-GO amma ta ƙi FIELD tana nan cikin ƙa'ida, ko da yake mutane da yawa suna ruɗewa a nan su zubar da bindiga mai kyau. Wadda ta rufu a kan FIELD ita ce ba a harbawa sai an gyara. Geji ɗaya ne yake auna .30-30 da .32 Special da .25-35 da .38-55, domin leɓensu ɗaya ne.

Awon a bindigar liba yana da tarko. Liba doguwa ce, tana ninka ƙarfin hannu ko da ba ta kai sakatar murɗawa ba, kuma geji ƙarfe ne mai tauri da zai iya yi wa bindigar rauni idan aka danna. Da yatsa ɗaya ake rufewa, a tsaya da zarar an ji tokare. Ƙugiya da sifirin ɗin da ke cilla kwanso suna ɓoye wannan jin, shi ya sa ake cire su ko a yi amfani da geji mai tsagar da ta kauce musu. Kuma ba liba ake kallo ba, makulli ake kallo: ka lura da inda samansa yake tsayawa idan ɗaki ba komai, ka kwatanta da inda ya tsaya a kan geji. A ganina kuɗin gejoji uku domin bindiga ɗaya asara ne, mai gyaran bindiga yana da su, kuma awon ba ya ɗaukar lokaci.

In kana son ka samu kimantawa a gida kafin ka je, ka samu kwanso fanko wanda aka matse ya koma girmansa, babu firaima a ciki. Ka auna tsawonsa da kaurin leɓensa. Ka ɗauki firaimar da aka riga aka harba, wadda ta mutu, ka fara saka ta a ramin da yatsa kawai. Ka sa kwanson a ɗaki, ka rufe liba a hankali, sakata za ta tura firaimar ciki har iyakar sararin da ke akwai. Ka zaro ka sake auna tsawon. Ƙarin da ka samu shi ne sararin, idan ka haɗa shi da kaurin leɓe ka samu ratar bindigarka. Ka maimaita da kwansuna da yawa. Wannan bai kai geji ba, amma zai nuna maka ko kana kusa da 0.066 ne ko ka haura 0.070.

Idan ta tabbata ta wuce, bindigar ba ta gama aiki ba. Ratar takan ƙaru ne saboda cinyewar fuskar makulli, ko bayan sakata, ko ramukan da makullin ke hawa a ciki, ko kuma wani ya taɓa sauya sakata da ta wata bindigar. Wani lokaci fil ɗin mahaɗi ne ya yi sako-sako, makullin ba ya kaiwa sama sosai. Gyara mafi sauƙi shi ne a saka makulli mai ɗan ƙarin kauri, a daidaita shi da hannu, a kuma tabbatar ɗan ƙarfen da ke cikinsa, wanda ke miƙa bugun guduma ga allura, yana haɗuwa da ita daidai. Gyara mai tsada shi ne a kwance bututu, a rage gindinsa, a mayar da shi ciki da zagaye ɗaya, a sake yanka ɗakin. A bindiga mai bututun ajiya wannan yana jawo sake daidaita bututun ajiyar da katakon gaba da tsagar ƙugiya, har kuɗin ya kusa kai darajar bindigar. An ƙera Winchester 94 sama da miliyan 7, masana'antarta ta birnin New Haven ta rufe a 2006, don haka ta gama-gari ba ta cancanci wannan kashe kuɗin ba. Wadda aka ƙera kafin 1964 kuwa, in jikinta na nan da kyau, sai ka yi shawara da masani kafin a taɓa bututunta, domin gyaran da kansa yana rage mata daraja a wurin masu tarawa.

Idan wata rana ka fara ɗura naka, akwai hanyar da ke rage wahalar kwanso a bindigar da ratarta ke kusa da iyaka: ka daidaita ƙarfen matsa kwanso ya tura kafaɗa baya da kashi biyu ko uku cikin dubu na inci kawai, yadda kafaɗar za ta tsayar da kwanson a maimakon leɓe. Kwanso zai daɗe, firaima ta daina leƙowa sosai. Amma wannan ba ya mayar da bindigar da ta rufu a kan FIELD mai lafiya.

Idan za ka je wurin mai gyara, ka tafi da bindigar ba komai a ciki, da kwansunan kamfani da ka harba, da na dattijo da ka harba, da kuma biyu ko uku daga cikin waɗanda suka ƙi shiga, kowane kashi a ledarsa. Sauran jakar kuwa ka ba wanda zai warware su ya zubar da albarushin, tunda ba ka san irinsa ko yawansa ba. Kwansunan da suka tsira daga gwajin waya za su yi maka amfani nan gaba.